Ƙofar Badagiri a Buɗe Take, Ina ta Tambuwal?

A bakin ruwan Badagiri, can ƙarshen Jihar Legas ta wajen iyakar Jamhuriyar Benin, akwai wani gidan bene mai rufin kwano wanda 'yan mishan suka kammala gininsa a 1845. Duk baƙon da ya je, abin da ake fara gaya masa shi ne wannan ne bene na farko a Nijeriya. Ranar da na tsaya a gabansa, saurayin da yake yi mana jagora ya faɗi haka da cikakken ƙarfin zuciya, ni kuwa sai na ji raina ya sosu. Na ce masa hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta gininta da ƙarni na 15, ta girme wa wannan gida da ɗaruruwan shekaru, kuma maginan Kano da Zazzau sun san ɗora soro bisa soro tun kafin wani ɗan mishan ya taka wannan gaɓa. Ya saurare ni cikin ladabi har na dasa aya, sannan ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga Tambuwal, a Jihar Sakkwato. Sai ya ce, to idan Allah ya kai shi garinmu, wane gida zai shiga ya ga tarihinmu da idonsa, kamar yadda nake ganin nasu?

Na yi shiru. Baƙon da ya sauka a tashar Tambuwal ko ta Kebbe ya yi wannan tambaya, fada za a nuna masa, ko kuma a raka shi zauren wani dattijo. Idan ya taki sa'a dattijon yana gida kuma yana da lafiya, zai sha labari har ya ƙoshi. Idan bai taki sa'a ba, sai ya koma da tambayarsa.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina, ga kuma inda na tsaya. Gidajen tarihin biranen gaɓar teku sun cancanci mu je mu gani, domin wani yanki na labarinmu yana can. Amma wanda ya je can bai taɓa shiga na Argungu ko na Sakkwato ba, kallo kawai ya je yi. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne, mu mutanen Tambuwal da Kebbe muna zaune a kan kayan da suka isa buɗe namu gidan, muna kallo gara da ruwan sama da dillalai suna raba su a tsakaninsu.

Abin da za ka gani a Badagiri

Wurare huɗu ne bai kamata su wuce ka ba. Na farko gidan tarihin gwamnati, wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o na zamanin Turawa. Nan aka jera hotuna da takardu da suke bin sawun cinikin bayi tun daga kamu har zuwa jirgin ruwa, da yadda aka zo aka hana shi. Na biyu ɗakin iyalin Mobee, ɗan ƙaramin wuri da zuriyar wani basaraken garin suke riƙe da shi. Sarƙoƙi da mari ne a ciki, na wuya da na ƙafa, ana barin baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu a hannunsa. Na uku barikin Seriki Williams Abass, gida mai ƙananan ɗakuna arba'in inda ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Na huɗu tsibirin Gberefu. Sai an haye da kai a kwalekwale, sannan ka taka yashi da ƙafarka har bakin teku, inda wanda aka kai ba ya sake ganin gida.

Kunnen Bahaushe ba zai rasa kama kalmar Seriki ba, domin sarki ce ta zama haka a bakin Yarbawa. Shi wannan mutum an bautar da shi tun yana yaro, aka kai shi Barazil, ya dawo ya zama babban ɗan kasuwa a cikin cinikin da aka yi da shi kansa, ya shugabanci Musulmin garin, ya rasu a 1919. Rayuwarsa kaɗai ta isa ta nuna cewa labarin bauta ba ya rabuwa gida biyu cikin sauƙi, azzalumai can, waɗanda aka zalunta nan.

Idan ka shiga cikin birnin Legas kuma, ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hujojin harsasai a jikinta.

Zaren da ya ɗaure mu da teku

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗan ƙasar Sakkwato da gaɓar tekun Atlantika? Abin da ya haɗa su ya fi yadda aka koya mana a makaranta yawa.

Mu fara da kuɗi. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwanni, suka biya sadaki da haraji, ba a gulbinmu ake samunsa ba. Yawancinsa daga tsibiran Maldives na tekun Indiya ya fito, jiragen Turawa suka riƙa sauke shi a tashoshin gaɓar nan, fatake suka hauro da shi arewa. Cikin hajar da ake bayarwa a karɓi wurin nan har da mutane.

Sai hanya. Hugh Clapperton ya fara zuwa Sakkwato a 1824 ta hamada, daga Tarabulus, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma cikin abubuwan da suka tattauna har da batun sayar da bayi zuwa teku. Da zai dawo karo na biyu, daga Badagiri ya taso a watan Disamba na 1825, ya ratsa ƙasar Oyo da Borgu, ya haye Kwara, ya biyo ta Kano, ya iso a 1826, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Cikin ayarinsa akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa suke kira Pasko. An taɓa sayar da shi har ya kai gaɓar teku, ya kuɓuta, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya dawo ƙasar haihuwarsa a matsayin tafinta. Ƙafar mutum ɗaya ta auna wannan hanya tafiya da dawowa.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. Bayan da yaƙe-yaƙen jihadi suka kankama daga 1804, yawan Hausawan da ake saukewa a Bahiya ta ƙasar Barazil ya ƙaru. A 1807 hukumomin birnin Salvador suka bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, aka sake yin wasu yunƙurin a 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban boren da har yau ake nazarinsa. An sami takardu da layu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama, kuma wasunsu suna nan a ma'ajiyar takardun jihar Bahiya. Hannun da ya yi wannan rubutu a makarantar allo ya koye shi. Gidajen tarihin teku ƙarshen labarin suke nunawa, farkonsa kuwa yana wajenmu.

Wani abu kuma da na lura da shi a Badagiri: in ka ɗebe na gwamnati, sauran wuraren ba su fi zauren wani attajirin Tambuwal girma ba. Ɗaki ne, da kayan da kakanni suka bari, da mutum ɗaya da ya san labarinsu, da ƙofa a buɗe a kan lokaci sananne, da 'yan kuɗin shiga. Iyakar abin ke nan. Da wannan ɗan abu suka sa duk ɗan makarantar da aka kai can ya koma gida yana maimaita cewa benen farko a Nijeriya yana Badagiri. Wanda ya kafa allo a ƙofarsa, nasa labarin ake ɗauka.

Abin da ke kusa da gida

Kafin mu zo kan namu, bari mu duba abin da mutumin Tambuwal ko Kebbe zai iya zuwa ya gani ya dawo ya kwana a ɗakinsa.

Argungu ce ta farko. Ba ta da teku, amma gari ne na ruwa, kuma gidan tarihin Kanta da ke can yana cikin mafiya daɗewa a arewacin ƙasar nan. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. An kasa ta sassa goma sha ɗaya, akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da tambura da layun yaƙi, ga kuma makwancin sarakuna a cikin gidan. Sunan da aka ba shi na Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa mulkinsa a Surame. Kufan Surame, da ganuwarsa ta duwatsu, yana cikin Jihar Sakkwato ta wajen Binji, kuma tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mai niyyar zuwa can ya fara tambayar lafiyar hanya.

Dalilin da ya sa nake cewa ɗan Tambuwal ya fara da Argungu shi ne, a can zai ji labarinsa daga bakin ɗaya ɓangaren. Mu mun tashi da labarin yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805. Su kuma sun tashi da labarin yadda Yakubu Nabame, bayan shekarun da ya yi a hannun Sakkwato, ya ɗaga tutar tawaye a 1849, da yadda Kabawa suka riƙe Argungu har zuwan Turawa ba a ci ta ba. Garuruwan yankinmu a bakin wannan daga suke. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, ya yi 'yan shekaru ya warware. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi domin girmamawa, daga nan bikin da duniya ta sani yau ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake tattali a 2016. Wanda ya tsaya gaban mashin Bakabe ya tuna cewa wataƙila kakansa aka yi wa tanadinsa, zai fahimci tsadar zaman lafiyar da yake ci yau.

Ta biyu Gwandu, maƙwabciyarmu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake. A nan ne Heinrich Barth, a 1853, ya sami kwafin Tarihus Sudan a hannun wani malami, ya kwashe kwanaki yana kwafar sassansa, ya kai Turai. Da wannan kwafi malaman Turai suka fara sanin tarihin Songhai da Timbuktu a tsare. Littafin da ya buɗe wa duniya ido a kan wata babbar daula, a gafakar wani malamin Gwandu aka same shi.

Ta uku Sakkwato. A kan hanya, kusa da Boɗinga, akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. A cikin birni akwai Hubbare, wanda kusan kowa ya sani, da kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda da yawa daga cikinmu suke wucewa ta gabanta ba su taɓa leƙawa ba. Akwai rubutattun littattafai na Larabci da ajami, da takardun zamanin En'e, da kayan yaƙi da na sarauta da na sana'o'i. Shi Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, taskar littattafan gidansa ce ta zama ginshiƙin binciken da Murray Last ya yi ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Nan ma daga gidan mutum ɗaya abin ya fara.

Gafakar kakana

Tambuwal ba ƙaramin gari ba ne a tarihin daular. Ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe, malami mai waƙe da Larabci, kuma daga zuriyarsa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki ya fito, wanda aka haifa a Dogon Daji. Ga Jabo, ga Sanyinna, ga Kebbe da Kuchi da ƙauyukan bakin Gulbin Zamfara, kowanne da gidan sarautarsa, da gidan limancinsa, da maƙera da majema da masunta waɗanda suka gaji sana'arsu kaka da kakanni. Gidan da ya shekara ɗari biyu a wuri ɗaya ba ya rasa abin da ya ajiye.

Namu gidan ma ya ajiye. Kakana yana da gafaka uku da suke rataye a ɗakinsa, ba mai taɓawa sai shi. Da ya rasu aka sauke su aka sa a cikin adaka, aka tura ƙarƙashin gado a wani ɗakin da ba a kwana. Kowa yana girmama su, shi ya sa ba wanda ya buɗe. Bayan wata damina mai ƙarfi, bangon ɗakin ya jiƙe, da aka zo gyara aka jawo adakar. Gafaka biyu gara ta mayar da su ƙasa. Ta ukun ta tsira da rabi, a ciki muka tarar da wani littafin fiƙihu, da wasiƙu biyu masu hatimi, da wata takarda da aka rubuta sunayen mutane da adadin wuri a gaban kowane suna. Har yau muna gardama a gida ko lissafin bashi ne ko na fansar bayi, mai raba mana gardamar kuwa yana kabari. Ina da digiri a aikin jarida, ina yawo da waya mai ɗaukar hoto a aljihuna shekara da shekaru, amma ban taɓa tunanin in roƙi tsohon ya buɗe mini in ɗauka ba. Laifin nawa ne kafin ya zama na kowace hukuma.

Na san ba mu kaɗai ba ne. Tambayi duk wanda ya fito daga tsohon gida, zai ba ka labarin takobin da wani baƙo ya zo ya saya da 'yan kuɗi kaɗan, ko sirdin da aka bar wa yara suna wasa, ko Alƙur'ani rubutun hannu da aka raba wa magada ganye-ganye. Yanzu kuma ga wata sabuwar hanyar asara. Rashin tsaro yana tayar da ƙauyuka a sassan jihar nan, wanda ya gudu da dare kuwa 'ya'yansa zai ɗauka, ba adakar kakansa ba.

Hujjojin masu ja

Na yi wannan magana a majalisu da dama, kuma suka huɗu nake sha. Dukkansu suna da nauyi.

Na farko, ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa yake ta gidan tarihi? Gaskiya ne ciki ba ya jira. Sai dai abin da nake kira gare shi bai kai kuɗin rijiyar burtsatse ɗaya ba a farkonsa, kuma shi ma ba ya jira. Asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi. Dattijuwar da ta haddace waƙoƙin Nana Asma'u daga bakin jajinta, in ta rasu bana, babu kasafin kuɗin da zai dawo da ita.

Na biyu, na addini. Wasu suna jin gidan tarihi sai su tuna gumaka da kayan tsafi. To, ai magabatan da muke tinƙaho da su masu tattara tarihi ne. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, a ciki ya kawo labarin ƙasashen da suka gabaci jihadi, har da Kanta da Surame. Malam Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, ya adana labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta. Ajiye layar yaƙi a bayan gilashi da bayanin zamaninta darasi ne ga mai kallo, kuma malamai za su iya zama cikin masu tace abin da za a nuna.

Na uku, rashin yarda. Mutane suna tsoron in suka miƙa kayan gadonsu ga hukuma, wata rana za su nema su rasa. Wannan tsoro yana da dalili, shi ya sa ma ba na cewa kowa ya miƙa komai. Timbuktu ta koya mana darasi a nan. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, taskokin iyalai ne aka riƙa fitarwa a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako, yayin da aka ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba ta gwamnati a watan Janairu na 2013. Kaya su zauna a hannun masu su. Abin da ake bukata shi ne a san suna nan, a ɗauki hotonsu, a koya wa masu su yadda za su kare su daga laima da ƙwari.

Na huɗu shi ne mafi wuya, kuma ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba: in aka buɗe tarihi, za a buɗe maganar bauta. A ƙasar da har gobe ake binciken asali kafin a ba da aure, wannan ba abin wasa ba ne. Akwai gidajen da kalma ɗaya za ta iya rushe musu baiko. Amma shirun da muke yi bai hana raɗa ba, sai ma ya bar ta ita kaɗai a fili. Shehu da jama'arsa sun yi tir da bautar da 'ya'ya Musulmi, yana cikin koke-kokensu a kan sarakunan zamaninsu. Duk da haka daular da suka kafa ta rayu da aikin bayi masu ɗimbin yawa a rinji da gidaje da fada, ta kuma sayar da wasu ta hamada da ta kudu. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa bayanta, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Duka wannan ya faru, kuma masana a jami'o'in duniya suna rubutu a kai ko mun so ko mun ƙi. Ana iya bayyana rinji da murgu da fansa a matsayin tsarin wani zamani ba tare da an ambaci sunan gidan kowa ba. A Badagiri, jikokin masu sayarwa ne suke riƙe da mabuɗin ɗakin sarƙoƙin, suna nuna wa baƙi, kuma garin bai tsage ba. Gidan tarihin da zai nuna alkyabba ya ɓoye mari, kirari ne kawai aka yi masa rufi.

Ta inda za a fara

Kada a fara da gini. Da zarar an ce gidan tarihi, tunaninmu yakan tafi ga kwangila da harsashi da bikin yanke ƙyalle, daga nan sai ginin ya zama makwancin awaki. A fara da rajista. Matasa biyar ko shida masu karatun Larabci da ajami, da waya mai kyau da littafin rubutu, su bi gidajen sarauta da na malamai da na masu sana'a, da izinin iyayen ƙasa. Su rubuta mene ne abin, na wane ne, daga ina ya zo, su ɗauki hoto, su bar kayan inda suka same su. Kowane gida a ba shi kwafin abin da aka ɗauka a wajensa, a kai wani kwafin Hukumar Waziri Junaidu, wani kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin in ɗaya ya salwanta a sami wani.

Tare da wannan, a naɗi muryoyi. A fara da waɗanda suka haura shekara tamanin, maza da mata, kuma kada a tsaya a ƙofar fada. Sarkin ruwa yana da tarihi, haka unguwarzoma, haka maƙerin da ya san inda kakanninsa suke haƙo tama. A kuma tura wani Kaduna, ma'ajiyar takardu ta ƙasa, ya kwafo rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomin lardin Sakkwato, a fassara abin da ya shafe mu, mu karanta da idon basira, domin su ma da manufarsu suka rubuta.

Bayan an yi wannan ne za a nemi ɗaki. Aji ɗaya a tsohuwar makaranta ya isa, ko wani zaure kusa da fada, muddin ba ya yoyo. A jera hotunan, a karɓi aron kayan da masu su suka yarda, da yarjejeniya a rubuce da wa'adi. A rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, kafin Turanci. A ɗauki mutum ɗaya a riƙa biyansa albashi, ya buɗe ƙofa a ranakun da aka sanar, musamman ranar kasuwa. A sa kowace makarantar sakandare a ƙananan hukumomin biyu ta kawo ɗalibanta sau ɗaya a shekara, sannan a haɗa musu da tafiya Argungu.

Wa zai biya? Mu. Wannan yanki ya fitar da Sarkin Musulmi, ya fitar da kakakin majalisar wakilai wanda ya zama gwamna, ya fitar da likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata da suke Abuja da Legas da ƙasashen waje. Ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai suna tara kuɗin biki da na ta'aziyya a zauren WhatsApp cikin kwana biyu. Albashin mai tsaron ɗaki ɗaya na shekara bai fi ƙarfin irin wannan zaure ba. Idan aiki ya fara nuna kansa, akwai inda za a nemi ƙari: Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana nan tun 1979, kuma Laburaren Birtaniya yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da suke cikin haɗari, wanda ya yi aiki a Nijeriya. Sai dai kowa ya san wanda ya ɗauko kayansa ya kai gwiwa ake taya wa ya kai ka.

Ga mai karatun da yake shirin hutu, ba na hana ka Badagiri ko Zanzibar ko Elmina. Je ka, ka ɗaga sarƙar nan ka ji nauyinta, ka taka yashin Gberefu, ka yi addu'a ga waɗanda suka bi ta nan da Fatiha a bakinsu. Amma kafin ka sayi tikitin jirgi, ware Asabar ɗaya ka kai 'ya'yanka gidan Kanta. Idan kuma ka je gida da sallah, bayan gaisuwa, ka tambayi wanda ya fi kowa shekaru a gidanku abin da ke cikin adakar nan da ba a buɗewa, ka roƙe shi ya buɗe tun yana da idon karanta maka.

Rabin gafakar da ta tsira tana wajena yanzu, na naɗe ta cikin farin ƙyalle, na ɗauki hoton kowane ganye. Lambar saurayin nan na Badagiri ma tana cikin wayata. Na yi masa alkawarin ranar da muka buɗe ƙofa zan kira shi, kuma takardar nan mai sunaye da lissafin wuri ita zan fara nuna masa.